Wa Ya Kori Shan Inna? Magana A Kan Rabon Yabo

Farawa da sunan Allah, wanda cuta da magani duk suna hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina da kaka, in ya wuce Bichi ya shiga ƙasar Tsanyawa, zai ga gonaki manne da juna, dammunan gero da na dawa a tare, ana ɗiba ana kaiwa rumbu. To, da wuya a sami gonar da mutum ɗaya ya yi aikinta shi kaɗai tun daga sassabe har ɗauri. Akwai wanda ya kai taki, da wanda ya yi shuka, da 'yan gayyar da suka yi firi da maimai, da matan da suka kai fura gona, da yaran da suka kori tsuntsu. Bisa ga wannan duka kuma akwai ruwan sama, wanda ba mai gona ne ya saukar da shi ba. Saboda haka manomin kirki ba ya tsayawa bakin rumbu ya ce ƙarfinsa ne ya cika shi. Sai ya gode wa Allah, ya fid da zakka, ya bi gida gida ya yi wa 'yan gayya ban gajiya. Ya sani in ya ƙi, baɗi zai buga gangar gayya ya ga babu kowa.

Sha'anin magani haka yake. Waraka ta Allah ce, ba ta da mai tarayya. Amma yabon da ke biyo bayan waraka hakki ne na hannuwa da yawa, rabawa ake yi kamar yadda ake raba riba, wanda ya haɗiye shi shi kaɗai kuwa ya ci amana. Babban misalin da zai bayyana wannan ba a nesa yake ba, cikin ƙasar Kano ya auku, watau labarin shan inna.

Kowa ya san wannan cuta. Yaro yana cikin gudu da wasa, sai zazzaɓi ya kama shi, bayan 'yan kwanaki ƙafa ta saki, ta shanye, ba ta ƙara komawa yadda take. Mutanen da suna cewa Inna ce ta sha shi, daga nan sunan ya samo asali. Daga baya bincike ya nuna wata ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani, tana fita cikin bayan gida, ta bi ruwa da abinci da hannun da ba a wanke ba, ta shiga cikin wani yaron. Cikin yara kamar 200 da ta shiga, ɗaya ne ke shanyewa, sauran suna yawo da ita suna rabawa ba a sani ba. In ta riga ta shanye gaɓa babu maganin da ke mayar da ita, sai dai rigakafi tun kafin ta zo. A shekarar 1988, sa'ad da ƙasashen duniya suka ƙulla niyyar kawar da ita, tana nakasa yara wajen 350,000 kowace shekara cikin ƙasashe 125.

Ran Talata 25 ga watan Agusta 2020, a farkon Muharram na 1442, aka yi shela cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Afirka duka, Nijeriya kuwa ita ce ƙasar da ta zo a ƙarshe. Aka yi murna, manya suka yi jawabi, jaridu suka buga hotuna. To, wa ya kore ta?

Malamai sun fi kowa sanin amsar irin wannan tambaya, domin su ba su karɓar ilmi sai da salsala. Almajiri ba ya cewa ya sauke Alƙur'ani da kansa. Sai ya ambaci alaramman da ya yi masa darasu, shi ma ya ambaci nasa, haka har sama. Ɗigon nan biyu da ake ɗiga wa yaro a baki shi ma yana da salsalarsa. A 1949 wasu masana uku a Amurka, Enders da Weller da Robbins, suka gano hanyar renon ƙwayar cutar a cikin kwalba, abin da ya buɗe ƙofa ga duk wanda ya biyo baya. Kana likita Jonas Salk da abokan aikinsa a birnin Pittsburgh suka haɗa allurar rigakafi, aka gwada ta a 1954 cikin gwajin da ya ƙunshi yara fiye da miliyan ɗaya. Sa'an nan likita Albert Sabin ya fito da wanda ake ɗigawa a baki, amma bai sami inda zai gwada shi da yawa a ƙasarsa ba, sai wani masani na Rasha, Mikhail Chumakov, ya ba miliyoyin mutane shi a 1959, alhali kuwa a lokacin Amurka da Rasha ba su ga maciji da juna. Ashe tun kafin maganin ya ƙetaro teku ya riga ya ratsa hannun da ba su ƙidayuwa.

A cikin wannan salsala akwai abin lura. Ran 12 ga watan Afrilu 1955 aka tara mutane a Jami'ar Michigan aka bayyana cewa allurar Salk ta yi aiki. Salk ya tashi ya yi jawabi, ya gode wa manyan da suka ɗauki nauyin aikin, amma bai ambaci sunayen abokan aikinsa da suka yi shekaru suna fama tare da shi ba, ga su kuwa zaune a wurin. Ɗaya daga cikinsu, Julius Youngner, har ya tsufa bai daina jin zafin wannan rana ba. Salk mutum ne mai alheri, domin bai riƙe maganin a matsayin mallakarsa ya nemi dukiya da shi ba. Duk da haka, a duk inda aka ba da tarihinsa sai an kawo wannan mantuwa. Ya yi kyauta da kuɗi, ya yi rowar ambato, duniya kuwa ba ta manta ba.

A komo gida. Maganin ya iso ƙasar Hausa da daɗewa, amma samun magani daban, buɗe masa ƙofa daban. A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Kano. Kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, cikin gwajin da ya ƙunshi yara kamar 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfani ya musa laifi, aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da aka daidaita da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da jita-jita ta tashi cewa an sa wa ɗigon shan inna abin hana haihuwa, sai ta sami zukata a shirye. A 2003 gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin, ba a koma ba sai watan Yuli 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo magani daga Indonesiya, ƙasar Musulmi.

Abin da wannan tsaiko ya jawo ba kaɗan ba ne. Cutar ta bi hanyoyin fatauci da na tafiya ta koma ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indonesiya kanta. A Nijeriya, cikin 2006 kaɗai, yara fiye da 1,100 suka shanye. Daga baya hukumar Saudiyya ta sa sharaɗi cewa alhazan Nijeriya sai sun karɓi ɗigon. Laifin nan kuwa rabe yake. Masu magani sun zo da izza, suna ganin tun da ilmi yana hannunsu ba su bukatar neman izinin kowa. Waɗanda suka yaɗa zargi kuma sun faɗi abin da ba su tabbatar ba. Yara ne suka biya da ƙafafunsu.

Me ya juya al'amarin? Ba sabon magani ba ne kaɗai. Masu aikin ne suka sauko daga kan doki. Suka gane cewa takardar shaidar likita ba ta buɗe ƙofar gida a 'Yan Kamaye ko Gurun ko Zarogi, sai mai unguwa ya yi sallama, sai liman ya yi magana, sai ungozoma ta shiga ɗaki. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan kiwon lafiya, umurni ya riƙa gangarowa daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Marigayi Sarkin Kano Ado Bayero ya riƙa ɗiga wa yara da hannunsa a bainar jama'a. Yaran da suka shanye a Nijeriya sun kai 388 a 2009, a 2010 suka sauko zuwa 21. Da aka yi sake, adadin ya sake hawa zuwa 122 a 2012, fiye da rabin na duniya duka. A shekarar nan gwamnatin Kano ta ƙulla yarjejeniya da gidauniyar Aliko Ɗangote da ta Bill Gates a kan rigakafin yara. Aka ɗauki mata 'yan unguwa su riƙa zaga maƙwabtansu suna bayani. Waɗanda cutar ta riga ta nakasa suka riƙa bin masu rigakafi a kan kekunansu, suna nuna wa iyaye ƙafafunsu, gani kuwa ya kori ji. Da mutane suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ke kashe musu yara, don me ba a kawo maganinsa sai na shan inna, aka ji maganarsu, aka riƙa kafa rumfar ba da magunguna tare da ɗigon. Yaro na ƙarshe da ƙwayar asali ta shanye a ƙasar Kano, a Sumaila yake, ran 24 ga watan Yuli 2014.

Mai karatu ya dubi ranar rigakafi a ƙauye, ya ƙirga hannuwa. Ɗigon nan ba ya jure zafi, in ya sha rana ya lalace, har akwai alama a jikin kwalbar da ke yin duhu in ya ɓaci. To, akwai mai tsaron firji a hedkwatar ƙaramar hukuma, da mai daskarar da ƙanƙara tun dare, da mai babur da ke kai akwatin sanyi ƙauye da asuba. Akwai mai shela. Akwai mata masu shiga gida gida da ƙafa cikin rana, ɗaya tana ɗigawa, ɗaya tana shafa tawada a ɗan yatsan yaro, ana rubuta alama da alli a jikin bango. Akwai malamin makarantar allo da ya tara ƙolawa ya ce a ba su. Akwai uban da ya yi izini, da uwar da ta miƙo jaririnta alhali maƙwabciya tana zuga ta kada ta yarda. In ɗaya daga cikin waɗannan ya janye hannu, ilmin Salk da na Sabin ya tsaya a bakin zaure. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wasunsu kuwa da rai suka biya. Ran Jumma'a 8 ga watan Fabrairu 2013 'yan bindiga suka auka wa wuraren shan magani biyu a birnin Kano, suka kashe ma'aikatan rigakafi 9, yawancinsu mata. Ba attajirai ba ne, ba masu sarauta ba ne, talakawa ne masu neman ɗan abin da za su kai gida. Bayan wannan kuma wasu matan suka sake ɗaukar akwatunan suka fita. Duk jawabin murnar da ya ambaci baƙi daga ƙasashen waje ya tsallake waɗannan, ya tabbatar da maganar Hausawa: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wani zai ce, ai yabon gwani ya zama dole, shugaban da ya tsara aiki ya kawo kuɗi ya cancanci a ambace shi. Gaskiya ne, ba a hana madugu rabonsa. Amma fatake sun san ayari ba madugu ba ne kaɗai. Da jagaba, da masu kora, da mai masauki, da dillali, kowa yana da abin da ya hau kansa, in an zo rabo kuma kowa yana da kasonsa. Attajirin da ya cinye la'adar dillali ya ci riba ta rana ɗaya, ya rufe wa kansa kasuwa. A yabi shugaba gwargwadon aikinsa, shi kuma ya juya ya miƙa yabon ga na ƙasa da shi, domin shi ne mai bakin da ake ji.

Wani kuma zai ce, tun da Allah ne mai warkarwa, me ya kawo maganar yabon mutane? Asalin maganar daidai ne. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Ibrahim yana jingina warakarsa ga Ubangiji, ya kuma nuna cewa Annabi Isa, da ya warkar da makaho da kuturu, da izinin Allah ya yi. Ƙaruna kuwa, da ya jingina dukiyarsa ga saninsa, ƙasa ce ta haɗiye shi. Likitan da ya ga marar lafiya ya tashi, ya ji a ransa cewa shi ne ya tashe shi, ya kamu da ujubu, cutar da ta fi wadda ya yi wa magani. Ya isa ya tuna sau nawa ya ba mutum biyu magani iri ɗaya, ɗaya ya miƙe, ɗaya aka kai shi makwanci. Amma Allah da ya halicci waraka shi ya halicci sababi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da jihadi, ya zauna ya wallafa littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basir, bai ga hakan ya rage masa tawakkali ba. Hadisi kuma ya zo, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito, mai nuna cewa godiya ga mutane tana cikin godiya ga Allah.

A nan ne fa ake son a yi hattara, domin akwai tawali'un baka wanda ya fi girman kai muni. Shi ne mutum ya hau mumbarin taro ya ce wannan nasara daga Allah take, ya yi shiru a nan, sa'an nan ya karɓi lambar girma ya sa aljihu, ma'aikatansa kuwa ba a ambace su ba, alawus ɗinsu ma yana hannu ba a biya ba. Wannan ya mai da sunan Allah mayafi ya lulluɓe hakkin bayin Allah. Tawali'u na gaskiya yana da alamu. Mai shi yana kiran mataimakansa da sunansu a gaban jama'a. Yana gaggauta biyan ɗan ƙodago kamar yadda shari'a ta yi horo. In aiki ya yi kyau ya tura na ƙasa gaba, in ya ɓaci ya tsaya shi a gaba ya amsa.

Alama mafi girma kuwa ita ce gaskiya cikin lissafi. Mai son yabo ba ya son kai rahoton kasawa. An sha samun inda aka shafa wa yaro tawada a yatsa ba a ɗiga masa kome ba, don a cika takarda a faranta wa na sama, ko don a rabu da iyayen da suka ƙi. Wannan tauye mudu ne, algus ne, sai dai abin da ake tauyewa a nan ƙafar ɗan mutum ce. In shugaba ya saba da karɓar yabo shi kaɗai yana zuba wa na ƙasa laifi, to shi ya koya musu ƙarya. In kuwa ya raba yabo ya ɗauki rabonsa na laifi, za su gaya masa cewa unguwa kaza ba a shiga ba, a koma a gyara.

Allah kuma ya nuna wa kowa iyakarsa cikin wannan labari. A watan Satumba 2015 aka cire Nijeriya daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa kaka-gida, aka yi ta taya juna murna. Sai ga ta a Barno cikin Agusta 2016. Bincike ya nuna ta yi shekaru wajen 5 tana yawo a ɓoye cikin garuruwan da rikicin Boko Haram ya hana a shiga. Sai da aka sake ƙirga shekaru 4 kafin shelar 2020. Bayan shelar ma aiki bai ƙare ba. Ƙwayar da ke cikin ɗigon rayayya ce da aka raunana, in ta daɗe tana yawo tsakanin yaran da ba a yi wa rigakafi ba tana iya sake yin ƙarfi. Irin wannan ta shanye yara fiye da 400 a Nijeriya cikin 2021. A ƙarshen 2022 kuma mashaƙo ya tashi, Kano ce ta fi kowace jiha shan wuyarsa a 2023, yawancin waɗanda ya kama kuwa ba su sami cikakken rigakafi ba. Watau ana nan ana bukatar matan nan masu akwati, da mai babur, da mai unguwa, da liman. Gangar gayya za a sake bugawa. Wanda aka manta da shi bara, da wace fuska za a kira shi bana?

Saboda haka, duk mai riƙe da ɗakin shan magani, ko a Tsanyawa ko a Kabagiwa ko a cikin birni, in mutane suka fara cewa wurinsa yana da albarka, ya tuna da mai shara da mai gadi da mai ba da kati da unguwarzomar da ke kwana a farke, ya faɗa wa masu yabon cewa aikin na su duka ne. Malamai su kuwa, bakinsu ne mabuɗin gidaje. Kada su faɗi abu a kan magani sai sun bincika kamar yadda suke bincikar ruwaya, in sun tabbatar da alheri kuma su ambaci masu yinsa a wurin wa'azi, su yi musu addu'a, su yi wa waɗanda aka kashe a 2013 addu'ar rahama. Attajirai kuma, in za su taimaka, kada taimakon ya tsaya ga ginin da za a rubuta suna a goshinsa. Man babur da ƙanƙara da takalmin mai yawo gida gida ba su da allon suna, amma Mai lissafi yana gani.

Yaran da aka haifa a ƙasar Tsanyawa bayan 2014 suna gudu tsakanin kunyoyi, suna kai taki, suna tafiya makaranta da ƙafafunsu, ba su san sunan ko ɗaya daga cikin waɗanda suka zama sababi ba. Manya ne za su gaya musu. Allah ya saka wa kowa gwargwadon aikinsa, na fili da na ɓoye, ya tsare zukata daga riya da ujubu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amin. Haza wasalam.